Kuskuren Harafi Ɗaya a Littafin Gado



Duk wanda ya riƙe allo ya san aikin ɗigo: a ɗauke shi daga ƙasa a mayar sama, ba'un ya koma nun. Jikinmu ma da rubutu yake aiki. Ƙwayoyin gado umarni ne da haruffa huɗu, A, C, G, T, ana karanta su uku-uku, kowane uku na kiran tubali ɗaya na ginin furotin.

Mu fara da ciwon da ke cikin gidajenmu, sikila. A umarnin gina sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, wuri na shida ya kamata ya zama GAG, sai ya zo GTG. Tubali ɗaya ya sauya cikin 146, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a Kambirij a 1957. Furotin ɗin yakan ginu, har ya kama aiki, amma da iska ta yi ƙaranci sai ya manne da 'yan'uwansa, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙwayar da kan yi kwana 120, da ƙyar take kai 20. Uwar da ta kwana da sanyin hunturu tana gasa wa yaro ƙafa da tsumma ta fi ni sanin sauran bayanin.

Turawa kuma suna da nasu, sistik fayiburosis, wanda aka gano ƙwayar gadonsa a 1989, a Toronto da Mishigan. A nan haruffa uku ne suka ɓace, tubali na 508 cikin 1480 ya faɗi. Ku ɗauki ƙwayar halitta a matsayin birni mai ganuwa. Wannan furotin ƙofa ce da gishiri ke wucewa ta cikinta, ruwa ya bi shi. To, furotin sai ya naɗu daidai, kamar rawani. Wanda ya rasa tubalin nan kuwa naɗinsa ya karkace, sai masu tsaron cikin gida su kama shi su wargaza tun bai isa ganuwa ba. Babu ƙofa, majina ta yi kauri a huhu, gumin yaro ya yi gishiri har uwa ta ji in ta sumbace shi. Abin da ke ba ni mamaki, da an bar shi ya isa, da ya ɗan taɓuka aiki. Magungunan yanzu gyara masa naɗi suke yi.

Duka biyun sai an gado daga uwa da uba. Shi ya sa Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024. Amma ina jin ana cewa AS da AS, wato uwa da uba masu ɗauke da ƙwayar sikila, ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai kamu. A'a. Kowane ciki ƙuri'arsa sabuwa ce, kuma akwai gidan da ta faɗa wa sau uku a jere.