Taurin Fata Ga Yara: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Kowane Hakimi ya san abin da kan faru a ƙauye in an ga tabo a jikin yaro. Tun ba a kai shi ga likita ba an riga an ce kuturta ce, a ware masa ƙwarya, a hana shi makaranta. Alhali kuwa akwai wata cuta mai fid da tabo wadda ba ta haɗa kome da kuturta ba. Likitoci suna ce da ita mofiya, watau taurin fata na wuri guda. Ba ta da yawa, ba a kuma ɗaukarta daga wani.

A cikin yara, ta fi kama masu wajen shekara 7 da haihuwa, mata sun fi maza. Da fari wurin yakan yi duhu ko ja-ja, sa'an nan tsakiyarsa ta yi tauri tana ƙyalli kamar ƙirgi, har ba a iya tsunkule fatar. Gashin wurin ya zube. Irin da ya fi yawa ga yara shi ne mai bin hannu ko ƙafa a miƙe kamar an ja layi, shi ne kuwa abin tsoro, domin yakan nutsa har tsoka da ƙashi. Gwiwa ta ƙage, ƙafar ta daina girma daidai da 'yar'uwarta, yaro ya tashi da ɗingishi. In a goshi ta fito, takan yi kwari daga gashin kai zuwa gira, sai ka ce saran takobi, kuma sunan da likitoci ke ce mata da Faransanci ke nan. Mai irin wannan lalle a duba idanunsa, gama ciki yakan kumbura ba tare da zafi ba. Waɗansu har farfaɗiya sukan yi.

Tabon kuturta dabam ne. Yakan yi haske, ba ya irin wannan tauri, in an shafa masa auduga kuma mai shi ba ya ji. Amma rarrabewa aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na dandali ba. In ma kuturtar ce, tun 1995 kyauta ake ba da maganinta.

Abin da ake roƙon Hakimai shi ne su gargaɗi Dagatai da masu unguwa kada a bar wanzami ya yi wa wurin tsaga ko sakiya. Malamin Hakimi ya rubuta watan da aka fara ganin tabon da tsawonsa, ya ba uban yaron takardar ya kai asibitin da ke da likitan fata, kamar na koyarwa a Kano ko Shika. Akwai maganin da ake sha sau ɗaya a mako, shekara guda ko fiye, tare da motsa gaɓoɓi kullum. Yana tsai da cutar, amma ƙafar da ta riga ta gajarce ba ya mai da ita.