Gayya da Kiyaye Gadon Ƙasa: Daga Dutsen Dala Zuwa Gonakin Rimin Gado



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne duwatsun ƙasar Kano da abin da ke tattare da su na tarihi da albarkar ƙasa, da kuma yadda jama'a za su haɗa kai su raya su. Tambayata guda ɗaya ce: me ya sa wani gado yake wanzuwa shekaru aru-aru, wani kuwa ya salwanta a idon masu shi? Domin neman amsa zan kwatanta wurare biyu, wato Dutsen Dala a cikin birni, da gonakin Rimin Gado a yamma da birni, kan hanyar Gwarzo.

Ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, amma nan da can akwai duwatsu da suka taso, kamar Dala da Goron Dutse da Fanisau da Santolo da duwatsun Rano. A gindinsu aka fara zama, domin suna ba da mafaka lokacin yaƙi, ruwan da ke gangarowa daga kansu yana kwanciya a ƙasa, wasunsu kuma akwai tama. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun tono matoyar tama a Dala, awo ya nuna an yi aiki da ita tun wajen ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a wannan wuri tun kafin zuwan Bagauda. Ashe kuwa wanda ya tsaya a kan Dala, a kan tushen Kano yake tsaye.

Ban da tarihi, dutse yana da nasa halittu. Akwai itatuwan da suka fi son tsaguwar dutse, irin su hano da kukkuki, waɗanda masu magani suka san amfaninsu. Akwai rema da kazar dutse, waɗanda ba su da wurin zama sai nan. In aka fasa dutse aka mai da shi tsakuwa, duk waɗannan sun tafi tare da shi, kuma dutse ba shuka ba ne balle a ce zai sake tsirowa da damina.

Yanzu mu bar birni mu nufi yamma. Wanda ya fita ta Kabuga, ya wuce Rijiyar Zaki da Janguza, ya isa Rimin Gado, zai ga gona tana manne da gona, babu saura babu daji, amma ko'ina itatuwa ne. Wannan ya ba masana mamaki. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya nuna cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan gona ba, domin manomi ne da kansa yake kiwon su, har suka tsallake farin 1973 da na 1984. Dalili a fili yake. Ɗorawa tana ba da kalwa a yi daddawa, kuka tana ba da miya, tsamiya tana shiga kunu. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Rimi kuwa, wanda garin ya ci sunansa, audugarsa ake cusawa a matashi, da ita kuma aka yi lifidi a zamanin yaƙi. Kowace bishiya tana da mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gonar, kuma ba mai sa mata gatari ya kwana lafiya.

To, ga amsar tambayarmu ta fara fitowa. Abin da yake da mai shi, yake kuma da amfanin da ake gani, shi ne yake daɗewa. Ganuwar Kano shaida ce. An fara ta zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma ta yi tsawon rai ne saboda jama'a suna fitowa su yi mata yaɓe, don sun san ita ce tsakaninsu da mahara. Da Turawa suka ci Kano a 1903, amfaninta na tsaro ya ƙare, sai aikin ya mutu, aka shiga ɗibar ƙasarta ana gini. A 1979 an kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, kuma doka abu ce mai kyau. Amma allon da aka kafa a gindin dutse ba ya shara, ba ya hana zaizaya. Sau da yawa ma da zarar an ce wuri na gwamnati ne, sai maƙwabtansa su zare hannu.

Akwai inda aka riƙe wannan darasi. A Sukur, kan duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, mutane sun sassaƙa gonaki hawa-hawa a jikin dutse, sun shimfiɗa hanyoyi da duwatsu har zuwa gidan sarkinsu, Hidi, kuma da aikin haɗin kai suka riƙa gyara su. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren gadon duniya, shi ne na farko a Nijeriya. Sai da mutanen wurin suka riƙe kayansu tukuna duniya ta zo ta yaba.

Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne, domin muna da gayya. Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu. Na farko, kowane gari da yake da dutse ko tsohuwar kuka ko kufai ya ware rana guda bayan kaka, samari su yi shara, su cike kwazazzabai, a dasa itatuwan gida, a yi kiɗa da kalankuwa yadda aka saba. Na biyu, ɗaliban Hausa su je wa tsofaffi su rubuta sunayen wurare da dalilinsu. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, amma yara nawa ne a can suka san haka? Suna shi ne takardar shaidar wuri, in ya ɓace labarin ya bi shi. Na uku, malaman firamare su kai yara su ga wuraren da idonsu, gani ya kori ji. Na huɗu ya shafi ma'aikata: kafin a sa hannu a takardar izinin fasa dutse ko raba filaye, a zauna da dagaci da masu unguwanni da dattawa a ji abin da ke wurin, in kuma wuri ya fara jawo baƙi, a bar wa garin rabonsa na kuɗin shiga.

Na san wasu za su ce tuna Barbushe komawa ne ga tsafi. Wannan tsoro ba shi da wuri. Musulunci ya kafu a Kano tun zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma malaman da suka rubuta labarin Dala da Larabci Musulmi ne. Sanin inda aka fito yana ƙara wa mutum godiya ga inda Allah ya kawo shi.

Manomin Rimin Gado yana dasa ɗorawar da jikansa ne zai ci moriyarta, ba tare da wata doka ta sa shi ba. Ranar da mutanen gindin kowane dutse suka ɗauke shi yadda manomin nan ya ɗauki itacensa, ranar ce za mu daina fargabar abin da za mu bar wa na baya.