Mai Sauya Zango



Kullum muna murɗa rediyo mu kamo labarai a gajeren zango. Yau mu leƙa cikin akwatin.

Muryar mai gabatarwa ba ta zuwa ita kaɗai. Igiya ce ke ɗauko ta, igiyar da ke kaɗawa sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Wannan saurin yana da wuyar tacewa. Sai wata 'yar na'ura ta shiga tsakani, mai sauya zango.

Ku saurara da kyau. Rediyonku yana haifar da tasa igiyar a ciki. Na'urar ta haɗa ta da wadda eriya ta kamo. Daga haɗin nan sai sabuwar igiya ta fito, mai ƙarancin sauri. Kamar a sauke kaya daga babbar mota a ɗora kan amalanke ne. Abin hawa ya canza, kayan na nan. Muryar na nan.

Ba'amurke Edwin Armstrong ya fito da dabarar a 1918. Da ita akwatunan Afirka suka riƙa kamo Africa N°1, wadda ta soma watsa shiri daga Moyabi, nan Gabon, a 1981.

Na'urar nan tana cikin wayar salularku. Tana kan rufinku ma. Ɗan kan nan da ke fuskantar farantin tauraron ɗan'adam, aikinsa ke nan: ya rage saurin igiya don waya ta iya kai ta ɗaki.

To, ruwan Libreville ba ya wasa. In hoto ya ɗauke bayan an ɗauke ruwa, a fara duba ɗan kan nan kafin a sayi sabuwar dikoda.