Nisan Kaduna da Jidda a Jirgin Sama

Ranku ya daɗe Hakimai, da ku Malamai masu riƙe da alƙalamin gunduma, muna yi muku barka da zuwa Kaduna. Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne nisan da ke tsakanin garin nan da Jidda, domin ku ne talakawa ke tambaya in lokacin aikin Hajji ya gabato.

In aka miƙe sosai daga Kaduna zuwa Jidda, nisan ya kai wajen mil 2,240, watau kamar kilomita 3,600. Daga Kano ya ragu da mil ɗari da 'yan kai. Jirgin sama na zamani yakan ci mil 500 ko fiye a sa'a guda, saboda haka tafiyar takan ɗauki sa'a huɗu da rabi zuwa biyar.

Ku tuna yadda kakanninmu suka yi ta. Sukan bi ta Barno, su ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, har su kai Suwakin a bakin Bahar Maliya, su jira jirgin ruwa. Wani yakan shekara biyu ko fiye a hanya, wani kuwa ya zauna can Sudan, ba ya komowa. A shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. Yau kuwa bahar ɗin nan da ake tsoro, faɗinta daura da Jidda bai kai mil 200 ba, jirgi yakan haye ta cikin abin da bai kai rabin sa'a ba.

To, akwai abu uku da muke so ku bayyana wa jama'a.

Na ɗaya, jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. A shekarar 2023, da yaƙi ya tashi a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazai suka yi zagaye. Sa'o'i suka ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗin jirgi kuma ya hau. In aka ji haka, a bincika dalili tukuna kafin a zargi kowa.

Na biyu, agogon Jidda yana gaban namu da sa'a biyu. Wanda ya tashi nan da ƙarfe takwas na safe, ya yi sa'a biyar a sama, zai tarar ƙarfe uku ta yi can. Sai a lura da wannan saboda lokutan salla.

Na uku, tafiyar ba ta da zango. Wanda zai wuce Makka daga Jidda, ya tambayi malamai hukuncin ɗaura harami tun yana sansanin alhazai na Mando, kada ya bari sai jirgi ya tashi.

Muna roƙon Hakimai su sa Malamansu su karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani. Allah ya kai baƙinsa lafiya, ya komo da su lafiya, amin.