Jawabin Bikin Yaye Malaman Firamare a Tudun Wada

   

Malamai, takardar shaidar da za a miƙa muku ta ɗora muku tambaya guda: yaron da ya yi shekara huɗu yana zuwa makaranta, zai iya karanta labari mai layi biyar ya faɗi abin da ya fahimta? Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNICEF da UNESCO a 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 masu shekara goma ba za su iya ba. Ciwon ba namu ne mu kaɗai ba, kuma wannan shi ne amfanin binciken da ke kwatanta makarantun ƙasashe: wanda ya riga ka kwanciya da ciwo ya san maganin da ya yi aiki da wanda aka yi asarar kuɗi a kansa.

A yammacin Kenya, a shekarun 1990, masu bincike sun raba littattafan karatu ga wasu makarantu, suka bar wasu, sannan suka gwada yaran. Littattafan ba su ɗaga sakamakon yawancin yara ba, sai 'yan ƙalilan da dama su ne kan gaba, domin an rubuta su da Turancin da ya fi ƙarfin sauran. A Indiya kuwa, ƙungiyar Pratham ta bi wata hanya. Malami zai zauna da yaro shi kaɗai, ya nuna masa takarda mai haruffa da kalmomi da ɗan sakin layi da gajeren labari. Inda yaron ya cije, nan ne matsayinsa. Sai a kasa yara rukuni-rukuni bisa wannan matsayi, ba bisa aji ko shekaru ba, a ba su sa'a ɗaya ko biyu kullum, a sake gwadawa, wanda ya wuce a ciyar da shi gaba. An auna wannan hanya sau da dama a jihohin Indiya, tana cikin ayyukan da suka kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga lambar Nobel a 2019. Darasin da ke cikin binciken biyu ɗaya ne: kaya ba sa koyar da yaro, koyarwar da ta same shi a inda yake tsaye ce ke koyar da shi.

Na san wani zai ce, ina ruwan Tudun Wada da Indiya? Wannan tambaya tana da nauyi, domin an sha kawo mana tsare-tsare daga ƙasashen da aji ba ya wuce yara ashirin, aka ce malami mai yara ɗari ya kwaikwaya. Amma ƙauyukan Indiya da aka yi wannan gwaji cike suke da ajujuwa masu cunkoso da iyayen da ba su yi boko ba, da yaran da ake ɗebewa zuwa gona lokacin aiki, kamar yadda masara da shinkafa ke kwashe mana yara da damina da kaka. Kuma hanyar ba baƙuwa ba ce a gare mu. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa, ba ya wankewa sai ya biya, ba a ƙara masa don sa'ansa ya wuce. Mu da muka gaji wannan hikima ne muka bar yaro ya haura aji shida bai san baƙi ba. An ma riga an gwada tsarin a Jihar Kano: a 2019 hukumar SUBEB da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi da British Council suka fara shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, ana fara karatu da Hausa.

Wani kuma zai ce, a fara gyara rufi da kujeru da albashi tukuna. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai ce yaro ya zauna a ƙasa ruwa na yoyo a kansa, kuma dokar ta-ɓacin da gwamnatin jiha ta ayyana a kan ilimi a watan Yunin 2024 alkawari ne da ya wajaba mu riƙa tunatarwa. Sai dai yaron da ke aji huɗu bana ba zai tsaya jiran ɗan kwangila ba, shekararsa tafiya take yi. Masu tsoron cewa Hausa za ta danne Turanci kuwa, su dubi gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana darasi, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen irin waɗannan shirye-shirye. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya yi aiki a Kano daga 2008 zuwa 2017, ya horar da malamai, ya farfaɗo da kwamitocin kula da makarantu na SBMC. Duk shirin da ya zo da kuɗin waje yana da ranar tafiya, abin da ke saura shi ne wanda mutanen gari suka mayar nasu. Shi ya sa gyaran makaranta ba aikin malami kaɗai ba ne. Sai mai unguwa ya san yara nawa ne a unguwarsa ba su iya karatu ba, liman ya faɗa a huɗuba, uwa ta tambayi ɗanta abin da ya karanta yau, jami'in sa ido ya shiga aji ya zauna maimakon ya sa hannu a rajista ya juya.

Roƙona gare ku, malamai, ku gwada kowane yaro a farkon zangon nan, ku rubuta matsayinsa, ku kai wa kwamitin makaranta. Ku na Riruwai da Kiru da Tiga da Tudun Wada ku riƙa haɗuwa kuna kwatanta sakamako, wanda ya ci gaba ya nuna wa ɗan'uwansa yadda ya yi. Shugabanninmu kuma, ku nemi waɗannan alƙaluma a ƙarshen kowane zango, ku karanta su. Allah ya yi wa wannan aiki albarka, ya mai da kowa gida lafiya.