Daga Notre-Dame Zuwa Adjamé: Wa Ke Hawa Rufi?

 

Tun da aka sake buɗe babbar majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris ranar 7 ga Disamba 2024, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a majalisun shayi na Adjamé da Treichville: wai me ke cikin tsohon gini har za a tara masa yuro miliyan 846? In ka juya kuɗin nan, sun haura sefa biliyan 550. Mai tambaya yana da gaskiyarsa. Amma yau ba kuɗin zan bi ba, aikin zan bi, don a cikinsa akwai abin da ya shafi masallatanmu.

An soma ginin a 1163, aka kwashe kusan shekara 200 ana yi. Salon sunansa Gotik. Duk wanda ya taɓa shiga soron sarki a Kano ko Damagaram ya ɗaga kai, ya riga ya san rabin sirrinsa. Maginanmu sukan jera azara su yi bakan gizo, su haɗa bakunan a tsakiya, ɗaurin guga ke nan, sai rufi ya tsaya babu ginshiƙi a tsakar ɗaki. Su kuwa da dutse suka yi nasu, suka ɗaga shi sama da mita 30. Nauyin rufi yana tura bango waje, sai suka tokare shi ta baya da dogayen hannuwa na dutse. Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka fafe shi aka cika da gilasai masu launi. Hatta dodannin dutsen nan da ke leƙowa daga saman ginin, da yawansu indararo ne kawai, ruwan sama suke tofarwa nesa da bango.

To, ranar 15 ga Afrilu 2019 da maraice, ƙararrawar gobara ta kaɗa. Aka tura mai gadi ya duba, sai ya nufi wani ɓangaren daban, ya dawo ya ce bai ga komai ba. Kafin a gane wuta tana can cikin itatuwan da ke ƙarƙashin rufi, kusan rabin awa ta wuce. Rabin awa, jama'a! Itacen da ya shekara ɗaruruwa yana bushewa ba ya jiran kowa. Rufin ya tafi, doguwar hasumiyar tsakiya ta karye ta fasa ɗaurin dutse ta faɗo ciki, dalmar da aka lulluɓe rufin da ita ta narke, ƙurarta ta bi ko'ina. Ma'aikatan kashe gobara da na majami'ar suka jeru suna miƙa wa juna kayan tarihi hannu da hannu har waje. Sun san abin da za su fara ɗauka, don an rubuta kayan tun kafin ranar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gyaran ne ya fi ba ni sha'awa. An sare itatuwan oak kimanin 2,000. Maimakon a kai su duka injin yanka katako, na babban rufin sassaƙa su aka yi da gatari, kamar yadda aka yi tun farko, saboda gatari yana bin jijiyar itace, zarto kuwa ratsa ta yake. Ka ga da a ce babu sauran masassaƙan da suka riƙe wannan hannu, da kuɗin ba su tsinana komai ba. Babbar molon iskar majami'ar, mai bututu kusan 8,000, wuta ba ta ci ta ba, amma sai da aka kwance ta ɗaya bayan ɗaya aka goge ƙurar dalma. Haka manyan zane-zanen da ƙungiyar maƙeran zinariyar Paris ta riƙa bai wa majami'ar kusan kowane watan Mayu daga 1630 zuwa 1707: an sauke su, an wanke dattin shekaru da ƙaramin auduga, taƙi bayan taƙi. Yanzu kuma sun sa na'urorin gane zafi da bututun fesa raɓa a cikin rufin. Sai da ɓarawo ya tafi aka ƙara sakata, amma dai an ƙara.

Mu dawo gida. Ga Saint-Paul nan a Plateau, ɗan tafiya kaɗan daga Adjamé, wadda Aldo Spirito ya zana, Paparoma John Paul na biyu ya keɓe ta a watan Agusta 1985. Ba Gotik ba ce, kankare ce, amma gilasanta masu launi abin kallo ne ko ga wanda ba addininsa ba. A rikicin 2011 ɗaruruwan mutane sun fake a harabarta. Kuma duk maginin Abijan ya san halin iskar gishirin nan tamu: tana shiga kankare ta ci rodi, rodi ya kumbura, siminti ya fashe. Kankare ma yana son mai duba shi.

A shekarar ce kuma aka wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke nan Abijan, kayan zinariya da sassaƙe-sassaƙe suka yi ɓatan dabo.

Ga kuma labarin da ya taso daga Adjamé kanta. A 1916 Faransawa suka ƙwace Djidji Ayôkwé, babbar gangar magana ta mutanen Ebrié, masu garin nan tun asali. Tsawonta ya haura mita 3, nauyinta kilo 430, da ita ake sanar da ƙauyuka in masu kamun aikin dole sun taso. Ba a adana ta ba. Shekara da shekaru tana yashe a filin gidan gwamna a Bingerville, ruwa na dukanta, ƙwari na ci, kafin a kai ta Paris. Sai a 2022 aka yi mata gyara a can, aka ƙarfafa itacen da gara ta raraka, sannan a watan Yuli 2025 majalisar Faransa ta amince da dokar mayar da ita. Ƙasar da ta goge bututu 8,000 ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta bar gangar mutane a ruwa. A faɗi wannan ma.

Amma kada mu cika nuna yatsa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani ɓangare na babban masallacin Zariya ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. Masallacin nan aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, tun zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, kuma ɗaurin gugansa ba shi da na biyu a ƙasar Hausa. An ga tsagewa a bango kwana ɗaya kafin abin ya faru. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ginin ƙasa ba ya son abu biyu: sakaci da siminti. In ka shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya shiga ba ya samun hanyar fita, sai ciki ya ruɓe, waje yana ƙyalli. Masallatai 8 na arewacin Kwadebuwa da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2021, irin na Kong da Tengréla da Kouto, yaɓe ne ya riƙe su, kuma sandunan da ke fitowa daga bangonsu matakala ce ta mai yaɓe. Haka hasumiyar Agadas mai mita 27.

A nan maganar ta zo kanmu, 'yan kasuwar Adjamé da Treichville. Mu ne ke tara kuɗi mu aika gida a gyara masallacin unguwa, kuma sau da yawa gyaran namu rushewa ne, a kafa bulo da tayil. Alhaji, kafin ka aika, tambayi ko akwai sauran tsohon magini a garin, ka ware masa nasa kason, ya ɗauki yara biyu su koya. Kwamitin masallaci kuma, a ƙirga littattafan hannu da alluna da ke cikin akwatin liman, a ɗauki hoton kowanne da waya, a ajiye a wuri biyu. A kira mai gyaran lantarki ya bi wayoyin da suka yi saƙar gizo a saman silin. Mutanen Treichville sun ga yadda wuta ta taɓa yi wa kasuwarsu. Sannan kafin damina ta faɗi, a samu saurayi ya hau rufi ya yashe indararo.

Sai mun sake haɗuwa a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.