Kwamfuta da Keke: Yadda Za Ka Kai Ta Lafiya

Yau da kai muke magana, ɗalibi ko ma'aikaci, a Maraɗi kake ko Katsina, Damagaram ko Daura, muddin kana hawa keke ɗauke da kwamfutar tafi-da-gidanka. Sau da yawa kuɗinta ya ninka na keken, ga kuma aikin da ke cikinta, wanda kuɗi ba sa maido shi.

Da farko, kada ka ɗaure ta a kariya da roba kamar buhun gero. Duk ramin da taya ta faɗa, kai tsaye girgizar ke shiga cikinta. Goya ta a jakar baya mai hannu biyu, jikinka ne zai shanye girgizar. Jakar rataya kuwa takan zamo gaba, ta karkatar da kai a kwana.

Kafin ka tashi, kashe ta ɗungurungum. In murfi kawai ka rufe, tana iya farkawa cikin jaka, ta ɗau zafi babu iska. Tsofaffin kwamfutoci da yawa kuma suna ajiye bayanai ne a wani faifai mai juyawa sau 5,400 a minti guda. Ya bugu yana juyawa, to sai dai haƙuri.

Sai shirin jaka. Naɗe ta da tawul ko tsohuwar riga, ta kwanta jikin bayanka, ka sa wani tsumma a ƙasa don kada gefenta ya daki ƙasa in ka dire jakar. Caja da makulli su shiga wani aljihu daban, don su ne ke danne gilashi ya tsage.

Kada ka manta da yanayinmu. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, batir kuma ba ya shiri da zafi, saboda haka kada ka bar jakar a rana. Leda mai kauri ɗaya ta isa ta tare ƙurar hunturu da ruwan damina. In ta jiƙe, kada ka kunna don gwaji. Kai ta wurin mai gyara.

Ƙarshe, kwafi muhimmin aikinka a filash, ka bar shi gida. Ko an faɗi, ko an ƙwace jakar, wahalarka ba ta tafi a banza ba.

Allah ya kai mu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.